Malam Modi Mai Taswira da Tafiyar Mambila

Duk wanda ya san Malam Modi a Bodinga ya san taswirarsa. Wasu goro ne a aljihun babbar rigarsu, wasu carbi, shi kuwa taswirar Nijeriya ce a nasa, an ninke ta har ta gaji da ninkuwa, an liƙe gaɓoɓinta da filastar asibiti. Da an sallame la'asar zai fito gindin dogon yaron ƙofar gidansa, ya shimfiɗa tabarma, ya shimfiɗa ƙasar nan gaba ɗayanta a kai, ya danne kusurwa huɗu da albasa huɗu saboda iska. Wanda tsautsayi ya biyo da shi ta wurin kuwa ya shiga uku, don sai an kai shi Mambila an dawo da shi kafin a kira magariba.

Ni tsautsayina na gado ne. Ni ne Sahabi, malamin firamare, taubashinsa. Mahaifiyata ƙanwar mahaifinsa ce, saboda haka ina da izinin faɗar abin da na ga dama a kansa tun yana raye, kuma ban taɓa jin malamin da ya ce mutuwa tana soke wasan taubasai ba. Ku da kuka zauna da shi, in na ƙara gishiri ku tsayar da ni. Na san ba za ku tsayar ba, don abin ya fi ƙarfin gishiri.

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin rigakafi. Ba ƙauyen da bai zauna ba tsakanin ƙasar Bodinga da ta Shagari, da keke da farko, daga baya da babur. Amma iyakar nisan da ya taɓa yi a duniya Gusau ce, shi ma kwas aka tura shi na kwana uku, ya dawo yana cewa tuwonsu bai da nauyi. Mambila kuwa a jikin wata tsohuwar kalanda ya gan ta, a bangon ɗakin shan magani: tuddai kore shar, da shanu suna kiwo cikin gajimare. Ya yanke hoton ya ajiye cikin taswira. Daga ranar ya ce in Allah ya kai shi hutawa daga aiki, sai ya ga shanun nan da idonsa.

Kuma ba tafiyar a-kai-ni-a-sauke yake so ba. Ya tsara zango-zango. Yawuri a tsaya a dubi kogin Kwara. Gurara a ga ruwa yana zubowa daga kan dutse. Dutsen Zuma a sauka a zagaya. Jos a sha sanyi, Yankari a gaida giwaye, sannan a hau Mambila. Bai yarda da kilomita ba. Da tsinken tsintsiya yake awo, ya karya shi daidai tafiyar da ke tsakanin salla da salla.

"Sahabi, diba nan," in ji shi. "In munka tashi bayan asuba, Yawuri tsinke guda ta da ɗan kai. Azahar bakin ruwa."

"In taya ta hwashe hwa?"

"Taya ba ta cikin taswira."

Wata shekara ya ga biro yana ɓata masa takarda, sai ya koma hatsi. Ƙwayar gero wurin salla, wake wurin cin abinci, barkono wurin kallo. Kwana uku yana jerawa a cikin zaure, ba mai shiga sai da sanɗa. A rana ta ukun ya fito da ita waje a kan faifai biyu don ya nuna mana, sai ga wata maƙwabciya da jikanta a goye, wai ƙuraje sun feso masa. Kun san shi da yara. Ya miƙe ya bi ta. Mu kuma muka shiga gardamar farashin taki, ba wanda ya lura da kazar matarsa, Hajiya Tumba, sai da ta gama aikinta.

Ya dawo ya tsaya a kan taswirar yana dubawa. Barkono na nan daram. Gero da wake kuwa, daga tsakiyar ƙasa har gabas, babu ko ƙwaya. Ya juya wajen zaure ya ɗaga murya kaɗan.

"Tumba, kazakki ta cinye Kwantagora. Ta cinye har Jos."

Daga cikin gida muka ji amsa, ba ko gaggawa. "To, ita dai ta riga ku isa."

Mun yi dariya har wani ya sarƙe da goro. Shi ko murmushi bai yi ba. Amma daga ranar ya hana a yanka kazar nan, wai wadda ta san hanya ba a yanka ta. Sallah uku ta tsallake, tsufa ne ya kashe ta.

Da aka ba shi kuɗin sallama daga aiki, ya sayi Fijo, fara, ta hannu. Kowa ya ce to, magana ta tabbata. Ashe mutumin bai iya tuƙi ba, kuma ya rantse ba zai koya ba.

"Mai tuƙi bai kallo," in ji shi. "Ni kallo za ni. Ga Sahabi nan."

Haka aka naɗa ni direba ba a tambaye ni ba, don kawai na taɓa yin karen mota kafin in koma makaranta. Sati ɗaya da sayen motar ya sa aka ɗora ta a kan bulo, aka kwance tayoyin huɗu aka kai ƙarƙashin gadon Hajiya Tumba, wai kada rana ta cinye su kafin ranar aikinsu. Duk Juma'a zai kira ni in tayar da injin, ya kasa kunne ya saurara, ya ce, "Ya isa, kashe, kada ta saba da shan mai tana tsaye."

Abin da ba zan yafe masa ba shi ne gwaji. Wata Asabar cikin bazara, irin zafin nan namu da ƙadangare ke neman inuwa, ya aiko a kira ni. Na tarar ya loda buta, da tabarma, da kwandon dambu a bayan mota, ya zaunar da Hajiya Tumba a kujerar baya. Motar tana kan bulo, babu taya. Ya ce tafiya mai nisa sai an gwada zama, a san wa ke da juriya. Na shiga na riƙe sitiyari. Ya buɗe taswira a cinyarsa ya ce bismilla.

Mun yi kamar awa guda. Yana kiran garuruwa, ni ina murza sitiyari don kada ya ce na yi barci. Sai Hajiya Tumba ta ce za ta sauka ta duba tukunyarta.

"Ina za ki sauka? Muna bisa gada. Ruwa za ki hwaɗa."

"In hwaɗa, Malam, ko na ji sanyi."

Bai bar ta ba. Can ya sanar da cewa mun shiga Jos, a ɗaga gilasai. Na ce Yaya Modi ka ji tsoron Allah. Ya ce haka za a yi ranar, gara a saba. Ya zaro wata rigar sanyi mai ruwan ƙasa daga ƙarƙashin kujera ya saka, gumi na ɗiga daga gemunsa, yana cewa lallai an faɗi gaskiya, iskar nan daban take. Kafin wannan lokaci unguwa ta taru. Wani yana ɗaga mana hannu yana cewa a sauka lafiya. Wani tsohon maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce in mun biya ta Abuja a gaida masa ɗansa. Malam Modi ya sauke gilashi ɗan kaɗan, ya ce masa, "Ka makara, mun wuce ta. Sai dawowa."

To, yaushe za a tafi? Nan ne gizo ke saƙar. Da damina hanya ba kyau. Bayan damina ga girbi. Bayan girbi ga dashen albasa, kuma mutum ba ya barin albasa a hannun 'yan ƙwadago. In an cire albasa ga zafi, ga azumi, ga bikin wance, ga jikar wane ba lafiya. In na matsa masa, magana ɗaya ce.

"Hanya ba ta gudu, Sahabi."

Shekara goma sha huɗu ina jin hanya ba ta gudu. Na yi furfura a kanta. Har ɗalibaina suka ɗauka, in na ce su yi sauri su gama rubutu sai in ji wani daga baya ya ce, Malam, allo bai gudu.

Wata la'asar ya ɗora yatsa a kan taswira yana yi mana bayanin Jos. Na leƙa na ga yatsan yana can cikin teku, taswirar ma a juye take, kudu a sama. Na kwashe da dariya na ce yau kuma jirgin ruwa za mu hau? Ba wanda ya taya ni. Shi kuwa ya lalubi albasa ɗaya ya gyara mata zama. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan kunya nake ji.

Na kai shi asibitin ido a Sakkwato. Likita ya duba ya sake dubawa, ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki a cire ba ne. Za a ba da magani ya rage saurin abin, amma ganin yana tafiya, kuma in akwai abin da Baba yake son gani, ya gan shi cikin shekarar nan. A motar haya muna dawowa, da muka kusa gida sai ya juyo wajena.

"Sahabi, hanya ba ta gudu."

"Na sani, Yaya."

"Amma ido na gudu. A hiddo tayoyi."

Ni kuwa na ɗauki abin da zafi. Na yi wa kaina alkawari ko a goye ne sai na kai shi gaban shanun nan kafin idon ya rufe. Muka jira dogon hutun makaranta. Bakanike ya yi kwana tara a ƙarƙashin Fijo yana salati. Aka yi guzurin wata guda, soyayyen nama da garin ƙuli da dakakken yaji. Aka ce Hajiya Tumba ta shirya, ta ce a kai kasuwa.

"Na tai sau guda," in ji ta. "Na ga Jos. Zahi gare ta."

Muka tashi bayan asuba, ni da shi, unguwa tana ta addu'a. Ko masallacin bakin gari ba mu gama wucewa ba ya taɓa mini hannu.

"Ratse nan. Dingyaɗi."

"Dingyaɗi ba ta bisa hanyarmu."

"Awo. Amma shekara huɗu na ci tuwonsu. Mutum bai tashi tahiya mai nisa bai yi sallama ba. In munka mutu can hwa, ba a yahe ma juna ba?"

Gaskiya ce, haka muka taso muka tarar, mai doguwar tafiya sai ya zagaya ya nemi gafara. Na ce to, minti goma. Mai gari ya ce baƙo ba ya tashi bai sha fura ba. Bayan fura aka ce an riga an yanka zakara. Bayan zakara Malam Modi ya tuna akwai ta'aziyyar da bai yi ba, ta mijin wata tsohuwar ungozoma, wanda ya rasu shekara shida da suka wuce. A Dingyaɗi muka kwana. Da safe aka saka mana buhun albasa a bayan mota, wai guzuri.

A Horo Birni abin ya zama kallo. Da aka ji wanda ya zo, sai ga magidanta masu gemu suna naɗe hannun riga suna nuna masa tabon lamba a damtse. Yana bi ɗaya-ɗaya yana shafawa da babban yatsa.

"Wagga tawa ta. Wagga ma tawa ta. Kai, wagga ba aikina ba na, ta karkace. Wa yay yi maka?"

Mutumin ya ce shi a wajen kakanninsa aka yi masa, can wani gari. Malam Modi ya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta. Kowane ɗaya kuma sai ya riƙe masa kafaɗa, ya matso da fuskarsa dab da tasa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a yafe masa. Ni ina jingine da mota ina duba agogo ina danna ham. Aka ƙara mana zabi huɗu.

A Mandera akwai wata mata da ya taɓa ɗauka a babur tana naƙuda ya kai ta asibiti cikin ruwan sama. Ɗan da ta haifa Modi aka sa masa. To wannan Modin ne matarsa ta haihu, suna jibi. Ku gaya mini ta inda za a fita. Muka zauna aka yi suna, aka ba Malam Modi jinjirin ya riƙe shi a gaban hancinsa har uwar ta fara tsarguwa. Da za mu tashi aka turo rago cikin kujerar baya.

Rana ta biyar muka shiga garin Shagari. Shagari fa, wadda in ka jefa goro a baki a tashar Bodinga ba ka gama tauna shi ba za ka sauka. Bayan mota ya zauna ƙasa saboda kaya, zabi suna kuka, rago yana hura mini iska a ƙeya. Sai Malam Modi ya ce wai in bi ta bakin dam, akwai wani masunci da ya kamata a yi wa sallama. A bakin ruwan na taka birki na kashe mota. Abin da ke cikina duk ya fito.

Na ce hutu yana ƙarewa. Na ce ko Tambuwal ba mu gani ba. Na ce likita ya faɗa maka a gabana, idonka yana ƙarewa, kai kuma kana rabon sa a ƙauyuka kamar goron suna. Shekara goma sha huɗu ka hana ni sakat da Mambila, yau ga mota ga mai ga direba, so kake ka makance ba ka gan ta ba, ni kuma in zauna da wannan har in mutu? Haushi nake ji kuma tsoro nake ji.

Ya buɗe ƙofa ya fita, na bi shi. Hadari ya sauko ƙasa-ƙasa a hayin ruwan, ga garken shanu suna sha. Ya zaro hoton kalandar nan daga aljihu ya miƙo mini.

"Mi kag gani nan?"

"Tuddai. Shanu. Gajimare."

"Can hayi hwa?"

"Shanu na, da hadari."

"Ni duka biyun ban ganinsu, Sahabi. Tun bara. Abin da an nesa ya riga ya tahi. Abin da yar rage man bai wuce tsawon hannu ba. Dutse kau bai matsowa kusa da mutum. Huska ka matsowa."

Na ce to don me ya sa ni gyaran mota, da guzurin wata guda, da sallama da unguwa?

"In nic ce maka Mandera za mu, da ka aza ni bisa babur ka maido ni kahin azahar. Kuma ƙaƙa zan shiga gidajen mutane in ce ku taho in dube ku, makancewa zan yi? Kuka za su yi. In nic ce Mambila, hura za su damawa."

Na juya baya don kada ya ji ina jan hanci. Da muka koma mota muka tarar da rago ya miƙo wuya ta tsakanin kujeru yana tauna wani abu a natse. Taswira ce. Ya fara daga gabas, ya cinye Mambila da kewayenta, yana shirin shiga Yankari. Na fizge ragowar na gaya wa Malam Modi abin da ya faru. Ya yi dariyar da ban taɓa jin ya yi ba, har ya dafa mota.

"Bar shi," in ji shi. "Gidanmu dabbobi ka isa. Mutane sai shiri."

Mun ƙara kwana shida muna zagaya ƙauyuka. Ban sake danna ham ba. Ni nake kamo masa mutane in ce matso, matso dai, ba cizo zai yi ba.

Da muka dawo Bodinga aka tarbe mu kamar alhazai. Kowa ya san inda muka tsaya, don labari ya riga mu da kwana bakwai a bakin masu zuwa kasuwa. Amma ba wanda ya taɓa faɗa. Idon ya rufe gaba ɗaya kafin a cire albasar wannan shekarar, kuma shekara biyu da ya ƙara yana zaune gindin dogon yaro, ku da kanku kuke tsokanarsa ku ce, Malam, ƙaƙa Mambila? Shi kuma ya gyara zama ya ce sanyi, sanyi har cikin ƙashi, shanu cikin gajimare, ga Sahabi nan shi yat tuƙa. Ni kuma in ce ƙwarai. Allah ya yafe mana wannan shaida, ni da shi.

Ranar da ya rasu, kun ga mutanen da suka zo. Wasu a babur, wasu a ƙafa tun daga Mandera, har da mutumin nan mai karkatacciyar lamba. Hajiya Tumba ta aiko mini da taswirar a cikin leda, da ramin da rago ya bari, ta ce direba ya fi kowa cancanta. Tana cikin aljihuna yanzu haka, kuma har yau warin albasa take.

Allah ya jiƙan Yaya Modi. Allah ya yafe masa kamar yadda ya bi gida-gida yana neman a yafe masa. Allah ya mayar masa da ganinsa, na kusa da na nesa, ya sauke shi a wurin da ya fi hoton kalandarsa kore, ya sa shi cikin fuskokin da yake so. In tamu ta zo, Allah ya sa mu ishe shi ya gama duba mana hanya.